Yadda ake riƙe kujerar da ba ta da ƙuri'a, a kuma yi yaƙin neman jiha da ita

A Majalisar Wakilan Amurka, idan lokacin kaɗa ƙuri'a ya yi, ƙararrawa ce take kaɗawa a duk gine-ginen da ofisoshin 'yan majalisa suke, sai kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya nufi zaure, ya zura katinsa a na'ura ya danna maɓalli, nan take haske ya bayyana gaban sunansa a allon da ke jikin bango, kore idan ya amince, ja idan ya ƙi. Mutum 435 ne ke da wannan dama. Akwai kuma wasu shida da suke da ofis da albashi da ma'aikata kamar kowa, amma idan aka zo zartar da doka sai dai su zuba ido, su ne wakilan birnin Washington, da Puerto Rico, da Guam, da Tsibiran Virgin na Amurka, da Samoa ta Amurka, da Tsibiran Mariana ta Arewa. Ranar 22 ga Afrilu, 2021, majalisar ta amince da ƙudurin mayar da Washington jiha ta 51 da ƙuri'a 216, yayin da 208 suka ƙi, kuma Eleanor Holmes Norton, wakiliyar birnin wadda ta gabatar da ƙudurin, ba ta da ikon danna maɓalli a kan abin da ta kai shekara talatin tana nema.

Wannan jagora na mutumin da ya tsinci kansa kan irin wannan kujera ne, ko yake yi wa mai ita aiki, ko kuma yake son ya gane yadda ake tafiyar da ita. Na ɗauko yawancin darussan daga aikin Norton, wadda ta hau kujerar Washington a Janairun 1991, da na wanda ta gada, Walter Fauntroy, sai kuma Bob Bartlett na Alaska da John Burns na Hawaii, waɗanda su kam sun kai yankunansu ga gaci a 1959. Mai karatu a Najeriya zai fi saurin gane lamarin idan ya tuna da Abuja, wadda ba ta da gwamna kuma ba ta da majalisar jiha, sai minista da shugaban ƙasa ke naɗawa. Sai dai Abuja tana da sanata ɗaya da wakilai biyu da ke kaɗa ƙuri'a kamar kowa, abin da Washington ba ta da shi.

Ka fara da sanin inda ikonka ya tsaya

Kuskuren farko shi ne mutum ya ɗauka kujerar fanko ce. Wakilin da ba shi da ƙuri'a yana iya gabatar da ƙuduri, yana iya yin jawabi a zaure, yana zama cikakken ɗan kwamiti, inda yake yi wa ministoci da manyan jami'ai tambayoyi, ya kawo gyara, ya kuma kaɗa ƙuri'a daidai da kowa, har ma yakan shugabanci ƙaramin kwamiti idan ya daɗe kuma jam'iyyarsa ce ke da rinjaye. Tun da yake a kwamiti ake ƙera doka, zaure kuwa sau da yawa hatimi kawai yake bugawa, zaɓen kwamitin da za ka zauna shi ne shawara mafi nauyi a shekararka ta farko. Norton ta zauna a kwamitin sufuri da manyan ayyuka, wanda filaye da gine-ginen gwamnatin tarayya suke ƙarƙashinsa, da kuma kwamitin sa ido wanda al'amuran birnin ke bi ta hannunsa. A birnin da gwamnatin tarayya ta mallaki yanki mai yawa na ƙasarsa, babu inda ya fi waɗannan biyun amfani, kuma daga 2019 zuwa farkon 2023 ita ce ta shugabanci ƙaramin kwamitin manyan hanyoyi da sufurin jama'a, wanda wakilan kowace jiha ke da buƙata a wurinsa. Wanda yake da buƙata a wurinka dole ya saurare ka ranar da ka zo da taka.

Akwai wata ƙuri'a da ya kamata ka karɓa idan an ba ka, amma kada ka ɗora gininka a kanta. A 1993, bisa hujjar da Norton ta gabatar, majalisa ta yarda wakilai irinta su riƙa kaɗa ƙuri'a a zaman da dukan majalisar ke rikiɗa ta zama kwamiti guda domin duba gyare-gyaren ƙuduri, da sharaɗin cewa idan ƙuri'unsu ne suka raba gardama, za a sake kaɗawa ba tare da su ba. Kotu ta ce hakan bai saɓa wa tsarin mulki ba, kuma dalilinta shi ne ainihin wannan sharaɗi, wato ƙuri'ar ta halatta ne domin ba ta iya sauya komai. Da rinjaye ya koma hannun jam'iyyar Republican a 1995 aka soke ta, aka maido da ita a 2007, aka sake ƙwacewa a 2011, aka kuma dawo da ita a 2019. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma wajibinka ne ka riƙa faɗa wa mutanenka haka a fili, domin kada su ɗauka an biya su haƙƙinsu.

Ka kawo wa jama'a abin da za su taɓa da hannu

Neman jiha aiki ne na shekaru masu yawa, masu zaɓe kuwa duk bayan shekara biyu suke tambayarka abin da ka yi musu. Norton ta tarar da birni yana gangarawa cikin matsalar kuɗi, har a 1995 majalisa ta naɗa hukumar da ta karɓe ragamar kasafin birnin daga hannun zaɓaɓɓun shugabanninsa, hukumar da ba ta sauka ba sai 2001. A tsakiyar wannan ƙasƙanci ne aka yi dokar 1997 wadda ta sa gwamnatin tarayya ta ɗauke wa birnin tsohon bashin fansho na biliyoyin daloli, tare da nauyin kotuna da gidajen yari, ayyukan da a ko'ina jiha ce ke ɗaukarsu, ba birni ba. A 1999 kuma aka kafa tallafin karatu wanda a lokacin yake biya wa ɗalibin Washington har dala 10,000 a shekara, domin cike giɓin da ke tsakanin kuɗin da jami'o'in gwamnati ke karɓa daga ɗan jiha da wanda suke karɓa daga baƙo. Iyayen da 'ya'yansu suka yi digiri da wannan kuɗi ba sa buƙatar a yi musu bayanin amfanin wakili. Haka nan ta riƙa bin filayen tarayya da ke zaune ba aiki, a bakin kogi da tsohon asibitin soja na Walter Reed, ana buɗe su ga birnin domin gidaje da kasuwanci, waɗanda ke kawo haraji.

Ka kuma nemi abin da al'ada ke ba sanatoci ko da doka ba ta ba ka ba. A Amurka sanatocin jiha ne ke ba shugaban ƙasa sunayen waɗanda za a naɗa alƙalan tarayya da babban mai gabatar da ƙara a jiharsu. Washington ba ta da sanata, don haka Norton ta nemi Shugaba Bill Clinton ya ba ta wannan alfarma, ya kuwa ba ta, ita kuma ta kafa kwamitin mazauna birnin da ke tantance masu nema. Ta wannan hanya ce Eric Holder ya zama babban mai gabatar da ƙara na birnin a 1993, mutumin da daga baya ya zama ministan shari'a na ƙasar baki ɗaya.

A nan akwai haɗarin da nake ganin ba a cika faɗinsa ba. Duk lokacin da ka yi nasarar sauƙaƙa wa mutanenka zaman rashin 'yanci, ka ba abokan hamayya abin cewa, domin za su nuna tallafin karatun da ɗaukar nauyin kotunan su ce birnin yana cin gajiyar matsayinsa. Maganin wannan shi ne kada ka taɓa gabatar da irin waɗannan nasarori a matsayin kyauta. Ka kira su da sunansu, wato faci ne a kan rigar da ta yage saboda babu jiha, kuma ka shirya amsar yadda sabuwar jihar za ta karɓi nauyin kotunanta da gidajen yarinta idan ranar ta zo.

Ka ware rabin ƙarfinka domin tsaron gida

Dokar cin gashin kai ta 1973 ta ba Washington magajin gari da majalisar birni mai mutum 13, amma kowace doka da suka yi sai ta kwanta a gaban majalisar ƙasa na wasu kwanaki kafin ta fara aiki, kuma 'yan majalisa daga jihohi masu nisa kan cusa sharuɗɗa cikin kasafin kuɗi su hana birnin kashe harajin da ya tara da kansa. A 1998 an kai ga hana birnin kashe ko sisi wajen bayyana sakamakon ƙuri'ar raba gardama da mazaunansa suka kaɗa kan amfani da wiwi a matsayin magani, sai da kotu ta sa baki a shekara mai bi. Ko kana goyon bayan dokar da ake son rushewa ko ba ka goyon baya, matsayinka ɗaya ne, cewa mutanen birnin ne ke da hurumin yi da warwarewa. Kada ka zaci jam'iyyarka za ta tsaya maka kullum, domin a Maris na 2023 majalisa ta soke gyaran da birnin ya yi wa kundin laifuffukansa da ƙuri'un 'yan Democrat da dama, Shugaba Joe Biden kuma ya sa hannu, alhali ya ce yana goyon bayan a ba birnin jiha.

Ka tsara hujja wadda direban tasi zai iya maimaitawa

Tun shekarar 2000, lambar motocin Washington tana ɗauke da rubutun da ke cewa ana karɓar haraji ba tare da wakilci ba, kalmomin da Amurkawa suka yi wa Ingila tawaye da su. Duk baƙon da ya tsaya a bayan wata mota a danja sai ya karanta, kuma ban san wata takardar koke da ta kai ga idanu masu yawa kamar wannan ƙaramin ƙarfe ba. Bayan wannan jimla sai alƙaluma kaɗan waɗanda ba a musu a kansu. Ƙidayar 2020 ta nuna birnin yana da mutum 689,545, fiye da jihar Vermont da jihar Wyoming, waɗanda kowacce ke da sanatoci biyu. Idan aka raba harajin tarayya bisa yawan jama'a, mazaunin Washington ya fi mazaunin kowace jiha biya. 'Ya'yan birnin sun yi wa ƙasar yaƙi sun mutu, ba tare da wakilinsu ya taɓa kaɗa ƙuri'a kan shiga yaƙin ba.

Sannan ka riƙa tattara misalan da rana ke kawowa, domin sun fi kowace lacca shiga kunne. A dokar tallafin annobar korona ta Maris 2020, an ba kowace jiha aƙalla dala biliyan 1.25, aka lissafa Washington cikin yankunan da ba jihohi ba, ta rasa kusan dala miliyan 755, kuɗin da ba a maido mata ba sai a dokar 2021. Ranar 6 ga Janairu, 2021, lokacin da aka auka wa ginin majalisa, magajiyar garin ba ta da ikon kiran rundunar National Guard ta birnin, dakarun ko-ta-kwana da kowane gwamna ke iya kira a jiharsa, domin ta Washington tana hannun shugaban ƙasa. A Agustan 2025 kuma Shugaba Donald Trump ya yi amfani da wani sashe na dokar 1973 ya karɓi ragamar 'yan sandan birnin na ɗan lokaci.

Masu adawa za su zo maka da tsarin mulki, kuma dole ka san shi fiye da su. Norton lauya ce da ta yi karatu a Yale ta kuma koyar a Georgetown, wannan ya taimake ta ƙwarai. Za su ce kundin ya tanadi gunduma ta musamman domin mazaunin gwamnati. Amsa ita ce kundin ya faɗi iyakar girmanta, murabba'i mai mil goma kowane gefe, bai faɗi iyakar ƙanƙantarta ba, kuma majalisa ta taɓa rage ta a 1846 da ta mayar wa Virginia yankin Alexandria. Shi ya sa ƙudurin ya bar ƙaramar gunduma mai ɗauke da Fadar White House da ginin majalisa da Kotun Ƙoli da filin da ke tsakaninsu, sauran unguwannin su zama jiha ta hanyar doka ta yau da kullum, kamar yadda aka karɓi jihohi 37 bayan sha uku na asali. Za su kuma kawo gyaran tsarin mulki na 23, na shekarar 1961, wanda ya ba gundumar ƙuri'u uku a zaɓen shugaban ƙasa, su ce ƙuri'un za su faɗa hannun mutane ƙalilan da suka rage a cikinta. Wannan matsala ce ta gaskiya, kada ka yi kamar ba ka gan ta ba. Ƙudurin ya tanadi hanzarta soke gyaran, kuma ya fi kyau kai ka fara ambatonta kafin a jefe ka da ita. Kada kuma ka yarda a tura ka hanyar gyaran tsarin mulki gaba ɗaya, domin an gwada ta: majalisa ta amince da gyaran ba birnin wakilci a 1978, amma jihohi 16 kacal suka sa hannu kafin wa'adin ya cika a 1985, alhali 38 ake buƙata.

Ka sa a ƙirga, ko da ka san za ka faɗi

A Nuwamban 1993 Norton ta kai ƙudurin jiha zaure, aka kayar da shi da ƙuri'a 277 a kan 153, cikin waɗanda suka ƙi har da 'yan jam'iyyarta ta Democrat fiye da ɗari. Faɗuwar ta ba ta jerin sunaye, wanda ya fi alƙawarin baki daraja. Da aka sake kaɗawa ranar 26 ga Yuni, 2020, ƙudurin ya wuce da 232 a kan 180, kuma ɗan Democrat ɗaya tak ya ƙi. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai shekara 27 na bin mutane ɗaya bayan ɗaya ana neman su sa sunansu a ƙudurin. A gida ma sai ka sa an ƙirga, domin kada wani ya ce ra'ayinka ne kai kaɗai: a Nuwamban 2016 kusan kashi 86 cikin ɗari na masu zaɓen birnin suka amince da neman jiha. Birnin yana kuma zaɓen sanatocin jiran gado tun 1990, dabarar da aka gada daga Tennessee kuma Alaska ta yi amfani da ita a 1956. Majalisar Dattawa ba ta rantsar da su, amma suna ƙara yawan masu ƙwanƙwasa ƙofa, kuma Jesse Jackson yana cikin na farko da suka riƙe muƙamin.

Fauntroy ya nuna wata hanya da ta fi wannan kaifi. John McMillan na South Carolina ya yi shekaru yana shugabancin kwamitin da ke kula da birnin, yana danne duk ƙudurin cin gashin kai. Fauntroy, limamin coci kuma abokin gwagwarmayar Martin Luther King, ya taimaka wajen zaburar da baƙaƙen fata masu zaɓe a mazaɓar McMillan, mutumin ya faɗi zaɓen fid da gwani a 1972, shekara ɗaya bayan haka dokar ta wuce. Ba ka da ƙuri'a a zaure, amma waɗanda ke da ita suna da masu zaɓe da za ka iya kai wa maganarka.

Majalisar Dattawa, da abin da za ka yarda ka sayar

Duk abin da aka faɗa a sama yana ƙarewa ne a ƙofar Majalisar Dattawa, inda ake buƙatar sanatoci 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara. Ƙudurin 2020 da na 2021 duk a nan suka mutu, na biyun ma bai samu dukan 'yan Democrat ba, domin Joe Manchin ya ce sai dai a gyara tsarin mulki. Dalilin da ke ƙasa kowa ya san shi, cewa sabuwar jihar za ta kawo sanatoci biyu na jam'iyya ɗaya. Haka aka yi wa Alaska da Hawaii, inda aka ɗauka ta farko ta Democrat ce, ta biyu ta Republican, sanatocin kudu kuma suna tsoron ƙarin ƙuri'un da za su goyi bayan dokokin 'yancin baƙaƙen fata. Da aka ɗaure su cikin ƙuduri guda, sai masu ƙin wannan da masu ƙin waccan suka haɗu suka kashe shi. Burns ya yarda a bar Alaska ta shiga ita kaɗai a 1958, bisa lissafin cewa idan ƙofa ta buɗe ba za a iya rufe ta a fuskar Hawaii ba. An zarge shi a gida da sayar da mutanensa, amma Alaska ta zama jiha ranar 3 ga Janairu, 1959, Hawaii ta bi ta ranar 21 ga Agusta. Bartlett ya zama sanata, Burns kuwa ya faɗi zaɓen gwamna na farko, sai a 1962 ya ci. Hasashen jam'iyyun ma ya juye, domin yau Alaska ta fi karkata ga Republican, Hawaii ga Democrat, kuma wannan misali ne da ya kamata ka riƙa tuna wa masu lissafin kujeru.

Norton ta gwada irin wannan ciniki tare da Tom Davis, ɗan Republican daga Virginia: a ba Washington cikakkiyar ƙuri'a ɗaya a Majalisar Wakilai, a ba Utah, wadda ke hannun Republican, ƙarin kujera ɗaya. A Fabrairun 2009 Majalisar Dattawa ta amince da 61 a kan 37, amma an liƙa wa ƙudurin gyaran da zai rushe yawancin dokokin birnin na taƙaita mallakar bindiga, ya kuma ɗaure hannun majalisar birnin nan gaba. Ta daɗe tana auna lamarin, har ta nuna alamar za ta haɗiye, domin da babu gara ba daɗi, amma a Afrilun 2010, da aka ƙara tsananta sharaɗin, aka janye ƙudurin da amincewarta. A ganina ta yi daidai, ko da yake damar ba ta sake dawowa ba. Abin da Burns ya bayar lokaci ne, wanda ake iya maidowa, abin da aka nemi Norton ta bayar kuwa ikon mutanenta ne na yi wa kansu doka, wato ainihin abin da aka tura ta ta nemo. Kafin ka zauna kowane ciniki, ka rubuta wa kanka abin da ke cikin rukuni na farko da abin da ke cikin na biyu, ka kuma nuna wa magajin gari da 'yan majalisar birni, domin su ne za su zauna da sakamakon.

Duk ƙudurin da bai zama doka ba yana mutuwa idan wa'adin majalisa na shekara biyu ya cika, don haka a farkon kowace sabuwar majalisa sai ka sake gabatar da naka, ka nemi a ba shi lamba 51 kamar yadda Norton ta saba, ka sami sanatan da zai gabatar da takwaransa a ɗaya zauren, sannan ka ɗauki jerin sababbin 'yan majalisa ka fara bin ofisoshinsu tun kafin su gama jera kujeru.